Turaren da Sadi Ya Kai Arras

Duk wanda ya bi layin da ya ratsa ta bayan kasuwar Black Market a Adjamé, cikin birnin Abidjan, inda hayaniyar masu wayoyi da masu gwanjo take fara lafawa, zai ji ƙamshin shagon Sadi tun kafin ya hango ƙofarsa. Faɗin shagon bai wuce taku huɗu ba, kwalabe ne tun daga ƙasa har rufi. Mai shi dogo ne marar yawan magana, ya ba shekara arba'in baya kaɗan. Ba attajiri ba ne, ba kuma malami ba. Abin da aka san shi da shi hanci ne: a miƙa masa ƙyalle, ya shinshina sau ɗaya, ya lissafa abubuwan da aka haɗa, har ya faɗi wanda aka yi wa ƙwauro. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadda wannan sana'a ta kusa raba shi da mahaifiyarsa a shekarar 2023, a lokacin da su biyun ba su da kwanakin ɓatarwa.

Fataucin goro ne ya kawo mahaifinsa, Alhaji Abdulbaƙi, daga Kano zuwa Abidjan a ƙarshen shekarun 1970. Ya fara da ɗakin haya a Treichville, daga baya ya samu gida a hawa na biyu na wani bene a unguwar Arras, nan cikin Treichville, can ya zauna da matarsa Balaraba. A wannan gida aka haifi Sadi a 1982, shi ne ɗan farinta. Balaraba kuwa mace ce da ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta taras da ita a gidansu, nisan Abidjan bai sa ta rage komai ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, kuma da aka yaye shi aka kai shi Kano riƙo wurin kakarsa, ba a ji ta ce uffan ba.

Shekara goma sha shida ya yi a Kano. A tsawon wannan lokaci, ta hanyar ƙunshi ya san mahaifiyarsa. Kowace Sallah direbobin goro sukan kawo masa riga da wando da hula, babu wasiƙa, babu saƙon baki. Amma kayan sukan iso da ƙamshin turaren wutar da ta turara su da shi, kuma yakan hana a wanke rigar sai ƙamshin ya gushe da kansa. Da aka kai shi koyon haɗa turare a Kasuwar Kurmi, aikin farko da ya ɗora wa kansa a ɓoye shi ne warware wannan ƙamshi. Ya gane hawi da farce da sandal da ɗan miski. Abu na biyar ya gagare shi, sai bayan ya dawo Abidjan a shekarar 2000 ya tarar wata saiwa ce da matan Jula suke sayarwa a kasuwar Treichville.

Dawowarsa ba ta sauya tsarin da ke tsakaninsu ba. Shi yana ce mata Hajiya. Ita kuma, tun da ya buɗe shago a Adjamé, ta samu abin kiransa: Mai Shago. Bayan rasuwar Alhaji Abdulbaƙi, maganarsu ta koma bi ta bakin Iklima, autar gidan, haifaffiyar Abidjan wadda Faransanci ya fi zama a bakinta, tana aikin sakatariya a wani ofishi a Plateau. Sadi yakan zo ranar Juma'a, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaisar. Hajiya ta dubi Iklima ta ce, "Auta, tambayi Mai Shago ya iyali." Ya amsa. Ya ajiye abin da ya kawo, ya tashi. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin rashin ƙauna, shi ma bai ɗauka ba.

Bayan Babbar Sallah ta 2023 aka tabbatar Hajiya Balaraba tana da ciwon daji a mama. A waya Iklima ta gaya masa, tana kuka, rabin maganar da Faransanci. Likita ya ce za a yi mata ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, wanda a Abidjan ake ce wa shimiyo, sau shida, mako uku-uku a tsakani, sannan a ga abin da hali zai yi. Sadi yana tsaye da mazurari a hannu lokacin da ya ji. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ajiye wayar, ya ƙarasa cika kwalbar da yake cikawa, ya rufe ta, ya miƙa wa mai ita. Ya jira ya ji wani abu ya taso masa a ƙirji. Babu abin da ya taso. Haka ya wuni, haka ya kwana, haka ya yi watanni, kamar wanda ya zauna a kan ƙafarsa har ta mutu.

Aka raba aiki. Iklima ce mai kai ta asibiti, mai kwana da ita, mai dafa abin da cikinta zai karɓa. Shi kuma zai riƙa zuwa dubiya kwana uku bayan kowane ƙarin ruwa. Ba a zuwa dubiya hannu rabbana, balle dubiyar uwa, kuma bai tsaya dogon tunani a kan abin da zai kai ba. Ya ɗauko hawi da farce da sandal da miski, ya aika aka sayo masa saiwar nan daga Treichville, ya haɗa turaren da ta riƙa turara masa riguna, ya yi shi iri biyu, na wuta da na shafawa. Bai taɓa sayar wa kowa wannan haɗi ba. A ganinsa, abin da ba zai iya faɗa mata da baki ba, kwalba za ta faɗa.

Hanyarsa ɗaya ce kullum: tasin haɗaka da ake ce wa woro-woro daga Adjamé zuwa Plateau, jirgin ruwa ya tsallaka da shi lagun, ruwan da ya ratsa garin, zuwa tashar Treichville, sannan ya taka zuwa Arras. A zuwan farko ya same ta kwance a falo, ta rame, amma idonta tar. Ya tsuguna ya gaisar, ya miƙa wa Iklima ƙunshin. Hajiya ta ce, "Auta, ki ce Allah ya yi albarka." Daga nan ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Bai cika minti goma ba ta tashi da ƙyar ta shiga banɗaki, ba ta fito ba har ya tafi.

A zuwa na biyu ma haka aka yi, sai dai tun yana sallama ta juya. Gashinta ya zube a lokacin, ɗankwalin ya kwanta a kan ƙashin kai. Ya zauna yana kallon bayanta, maƙwabta suna shigowa suna cewa "yako", kalmar jaje ta mutanen garin, tana amsa musu a hankali ba tare da ta juyo ba. Ya lura cewa da wata tsohuwa ta shigo daga baya, yana saka takalmi, Hajiya ta juyo mata.

A zuwa na uku, Iklima ta tare shi a bakin ƙofa, ta jawo ƙofar a bayanta.

"Yaya, pardon, ta samu barci yanzu-yanzu."

Ya ce to. Ya miƙa ƙunshin, wannan karon har da ɗan itacen ud mai kyau da ya daɗe yana ɓoyo. Yana kan matakala ta huɗu ya ji muryar Hajiya daga ciki tana tambayar ko an sauke ruwan zafi. Ya tsaya ya saurara har ta gama maganar, sannan ya ci gaba da sauka.

A cikin jirgi ya yi wa kansa bayani cikin natsuwa, yadda yake lissafa abubuwan da ke cikin haɗi. Mace ce da ba ta raine shi ba. Mai ciwo ba ya da ƙarfin kara. Abin da mai ciwo yake so shi ne ya ga wanda zuciyarsa ta saba da shi. Shekara arba'in ana kiran wannan hali nata kunya, watakila tun asali ba kunya ba ce. Bai ji haushi ba, bai kuma ji baƙin ciki ba. Ya dai yanke shawarar cewa zuwa na gaba zai kai kwalbar da ta fi girma.

Zuwa na huɗu ya faɗo a ƙarshen Oktoba. Aka sake cewa tana barci. Da ya sauko, wata motar ɗaukar kaya ta toshe gaban benen, dole ya zagaya ta baya. Can ya ɗaga kai, ya ga Iklima a baranda, ta ɗaure hanci da ɗankwali. Ta buɗe wani tsohon bokitin fenti da aka rataye ta wajen ƙarfen barandar, ta cusa ƙunshinsa a cikin leda, ta sake saka ledar a wata ledar, ta jefa a bokitin, ta danne murfin da tafin hannu biyu. Ko buɗe ƙunshin ba a yi ba.

Ranar Litinin da safe bai buɗe shago ba. Ya tsallaka ya tsaya a tashar jirgin ruwa ta Treichville, inda ya san Iklima takan hau zuwa aiki. Da ta gan shi ta yi turus.

"Yaya, lafiya? Me kake yi a nan?"

"Na ga bokitin."

Ta dubi ruwa, ta dubi layin mutane, ta ce jirginta zai tafi. Ya ce wani zai zo.

"Ba tambayar faɗa zan yi miki ba, Auta. In ba ta son ganina, ki gaya mini, in riƙa aiko da saƙo. Ba sai an riƙa sa ta barcin ƙarya ba."

"Ba ta son ganinka?" Iklima ta ajiye jakarta a kan benci. "Mon Dieu. Yaya, kai ne fa kake sa ta amai."

Ya dube ta, ta ci gaba.

"Ba kai ba, ƙamshinka. Tun ruwan farko hancinta ya canja. Albasa, sabulu, man shafawa, komai. Ni kaina na bar shafa mai, dubi hannuna kamar na kafinta. Kai kuwa tun kana hawa na ɗaya take cewa ga Mai Shago nan, ta fara haɗiyar yawu. Bayan ka tafi sai mu buɗe tagogi, in wanke tabarmar da ka zauna, ita kuma tana kan roba har la'asar. C'est pas toi, ba kai ba ne, wallahi. Turaren ne."

"Ban shafa komai ba in zan zo."

"Ba sai ka shafa ba. Kai ɗin ne kwalbar."

Wannan gaskiya ce da duk mai haɗa turare ya sani game da wasu, ya kuma manta game da kansa: hancin da ke rarrabe abu biyar a ƙyallen baƙo ba ya jin na jikin mai shi. Shekara kusan talatin mai yana shiga fatarsa da gemunsa da zaren tufafinsa.

"Me ya hana a gaya mini?"

"Na so in faɗa tun ranar farko, ta ce in na faɗa ba ta yafe ba. Ta ce sana'arsa ce, abin da ke hannunsa ke nan, in aka ce ba a so, da me zai shigo? Kuma ta gane haɗin, Yaya. Ta cikin leda ta gane shi. Na ce bari in ba maƙwabta, ta ce in na taɓa ko kwalba ɗaya sai ta saɓa mini."

Jirgi ya iso, ya cika, ya tafi ba da ita ba. Sadi ya tambayi abu ɗaya kawai: saura ruwa nawa. Ta ce biyu, kuma likita bai yi alkawarin komai ba bayan su.

Daga tashar ya wuce Black Market wurin Jabiru, abokinsa mai sayar da gwanjo, ya ce yana son riga biyu da wando biyu marasa ado, waɗanda ba su taɓa shiga shagonsa ba.

"Ikon Allah," in ji Jabiru. "Mai turare yana neman rigar da ba ta ƙamshi. Gobe kuma mahauci zai zo neman zogale. Wa ka yi wa laifi kake ɓatar da sawu?"

Da ya ji dalili sai ya bar wasan, ya zaɓo kayan da kansa. Iklima ta karɓe su ta wanke da sabulun kabakuru marar ƙamshi sau uku, ta shanya, ta ajiye a wurinta. Ranar da aka sa, Sadi ya yi wanka a gidan wankan haya da ke kusa da tashar Treichville, ya saka gwanjon, ya hau benen. Iklima ta tare shi a matakala.

"Tsaya nan. Yau ni ce douane, 'yar kwastan. Ɗaga hannu." Ta shinshina kafaɗarsa, ta yamutsa fuska. "Hula." Ya cire. "Me ke aljihu?" Ya fito da carbi. "Haba Yaya! Wannan carbin shi kaɗai ya isa ya kori sauron Arras gaba ɗaya. Gemun ma yana yi. Har wayarka tana yi."

Ya juya ya sauka, bai ga Hajiya ba.

Sai ya ɗauki abin yadda yake ɗaukar haɗin da ya ƙi: a cire abu ɗaya-ɗaya har a kai ga tushe. Gidansa ba zai yiwu ba, domin a can matarsa Bushira take dafa humra, labule da katifa duk sun sha. Ya rufe shago, ya koma ɗakin Jabiru kwana uku. Ya je wurin wanzami aka aske kai, aka rage gemu har fata. Ya yanke farce. Ya bar carbi da hula da agogo da waya a Adjamé. Yakan yi wanka da kabakuru safe da yamma, ya zauna a inuwa yana kallon masu wucewa, ba ya tunanin komai. Abokan ciniki suka yi ta tambayar ko an yi masa rasuwa.

Kwana na uku Juma'a ce, a Treichville ya yi sallah. A wannan masallaci akwai wani dattijo, Malam Mansur, wanda yakan bi sahu kafin huɗuba yana ɗiga wa mutane turare a bayan hannu, kuma Sadi ne yake ba shi turaren sadaka tun shekaru. Da dattijon ya iso kansa, Sadi ya ga hannunsa ya fara miƙuwa da kansa. Ya janye shi, ya tura a ƙarƙashin cinya.

"Malam, a yi mini afuwa yau."

Dattijon ya ƙura masa ido, sai a lokacin ya gane shi. "Sadi? Naka ne fa."

"Na sani, Malam."

Na kusa da shi suka waiwayo. Da aka idar bai gaisa da kowa hannu da hannu ba, ya fita ta ƙofar gefe, ya sake wanke hannu a famfo.

Iklima ta shinshina shi a matakala, ta zagaya bayansa, ta sake zagayowa. Ba ta yi wasan douane ba wannan karon. Ta matsa gefe.

Shi ne karo na farko a rayuwarsa da ya shiga wurin mahaifiyarsa ba da komai a hannu ba, kuma bai san inda zai sa hannuwan ba. Ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaisar. Hajiya Balaraba tana kwance ta fuskanci bango, mayafi a hanci, ta riga ta shirya. Ta amsa daga nan. Ya ga kafaɗarta ta ɗaga, ta ja numfashi kaɗan kamar mai ɗanɗana miya da zafi, ta jira. Ta sake ja, mai tsawo. Sannan ta sauke mayafin, ta juyo a hankali, ta dubi mutumin da ke bakin ƙofa, da askakken kai da rigar wani.

Ba shi ta yi wa magana ba.

"Auta, ashe bakinki ba ya riƙe magana."

"Maman, shi ya ga bokitin."

"Ki ce wa Mai Shago ƙofar nan akwai iska. Ya matso da kujera."

Ya matso da ita har gefen katifar. Daga nan ne ya fara jin abin da bai zata ba. Kwana uku ba turare sun farkar da hancinsa, ɗakin ya buɗe masa gaba ɗaya: ɗacin magani da ke fita ta gumi, lemon tsamin da aka yanka a faranti, kunun da ya huce, da wani abu a ƙarƙashinsu duka wanda bai san sunansa ba, ba hawi ba, ba sandal ba. Warin jikinta ne, ba tare da komai a kai ba. Bai taɓa jin sa ba. Ya zauna yana jin sa, yana jiran abin nan ya taso masa a ƙirji. Bai taso ba. Ya dai ɗauki lemon ya miƙa mata, ta karɓa daga hannunsa, ba ta ce a ba Auta ba.

Can ta ce, idonta a rufe, "Auta, kayan cikin bokitin nan, kada rana ta lalata su. A shigar da su ɗakin maƙwabta a ajiye. In na tashi, zan shafa. In ban tashi ba, kin san inda za a sa su."

"Maman, arrête, ki daina."

"Na dai faɗa."

Barci ya ɗauke ta kafin la'asar, na gaskiya wannan karon, fuskarta tana wajensa. Ya zauna har aka kira sallah, ya je ya dawo, ya sake zama. Da ruwa na shida ya zo a watan Disamba, ya rufe shago mako guda cur, shi ya riƙe mata roba, shi ya wanke.

An yi mata aiki a farkon shekarar da ta biyo baya, kuma har yanzu tana komawa asibiti duk bayan wata uku a duba ta. Hancinta bai gama komawa daidai ba. Shagon Adjamé yana nan, sai dai masu saye sun saba: daga Laraba da yamma zuwa Asabar da safe a rufe yake, don ƙamshi ya bar jikinsa kafin gaisuwar Juma'a. Rigunan gwanjon biyu suna rataye a bayan ƙofar Iklima. Kwalaben kuma suna ɗakin maƙwabta cikin ledojinsu, ba a buɗe ko ɗaya ba tukuna.